Ƙulli Mai Taushi

Shekara talatin Inna Tasalla na murza alkaki a Rafindadi.
Duk garar da ta fita daga unguwar nan
akwai hannunta a gindin kwalla.
Yau haƙori huɗu suka rage mata,
biyu daga ciki ma zaman rakiya suke yi.

Ran Laraba aka aiko da alkakin suna.
Ta ɗauka, ta juya shi, ta shinshina,
ta tsotsi zumar da ke gefe,
ta mayar cikin faranti
kamar mai mayar da kayan aro.

Abin da ya hana ni barci ke nan.

Da asuba na auna fulawa gwangwani huɗu,
yis, sukari, madarar gari,
man shanun da Hajjo ta kawo daga Batagarawa,
da ruwa mai ɗumi irin na wankan jariri.
Na cuɗa har kafaɗata ta fara ƙorafi,
na rufe da tsohon ɗankwali,
na ajiye gindin katanga, inda hantsi ke fara sauka.

Kwaɓi ba ya son a tsaya masa a kai.
Na yi shara, na leƙa.
Na yi wanke-wanke, na leƙa.
Sai da na manta da shi ya tashi,
ya ɗaga ɗankwalin kamar cikin wata bakwai.

Na murza shi dogo kamar igiyar guga,
na kama baki biyu, na harɗe.
Na farko ya fito kunnen jaki.
Na biyu ya warware, ya ce ba da shi ba.
Ina kan na uku na ji sandarta a bayana.

"Wa ya koya miki wagga ɓarna?
Ba a jan kwaɓi, ɗiya. Lallashi ake."

Ta zauna kan kifaffen turmi.
Yatsun da sanyin ƙashi ya ƙandare
suka taɓa kwaɓin,
suka tuna.
Murza, murɗa, danna.
Ƙulli ya zauna, hannu biyu a ƙirji,
kamar yaron da aka kira gaban manya.

Na tafasa ruwa da 'yar kanwa,
na tsoma kowanne, na ƙirga goma, na tsame.
"Ina man suya?"
"Gashi zan yi, Inna."
Ta ja tsaki.
"Abin da bai ga mai ba ai maraya ne."

Tanderunmu tsohuwar tukunyar ƙarfe ce,
yashi a gindi, duwatsu uku, faranti a kai,
garwashi ƙasa, garwashi bisa murfi.
Ƙamshi ya haura katanga bai yi sallama ba.
Sai ga 'yar gidan Malam Ɗanjuma,
wai an aiko ta aron ashana,
alhali hayaƙin murhunsu na tashi.

Farantin farko ya ƙone ta gindi.
Laifina ne: na tsaya jin labarin
shekarar da ta soya kwalla tara a dare ɗaya
da fitilar ƙwai, da goyo a baya.
Na biyu ya fito ja kamar dabino.
Na shafe shi da man shanu tun da zafinsa,
na barbaɗa sukari da garin kirfa.

Ta gutsura. Tururi ya fito.
Ta kai shi ɓangaren da ba kowa,
inda dasashi kaɗai ke gadi.
Ta tauna.
Ta tauna.
Ni kuwa ina kallon yadda haɓarta ke aiki,
aikin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Gishiri ya yi kaɗan," in ji ta.

Ta ɗauki na biyu.
Na uku ta ƙulle a bakin zane,
wai na bayan lisha.

"Mi sunan shi?"
"Ban raɗa ba tukuna."
"To kar ki ce mashi alkaki,
alkaki ba ya sassauta wa kowa."

Ta kakkaɓe sukarin da ke cinyarta,
ta dubi ragowar kwaɓin cikin kwano.
"Miƙo nan.
Gobe ki tashe ni kafin ki zuba ruwa."